Inna Ta Yi Mini Rakiya Zuwa Yamai

Tun ranar da na koma makaranta ba a bar ni na zauna lafiya a ɗakin malamai ba. Wannan ya ce, "Malama Luba, yaya jirgi?" Waccan ta ce, "Da gaske ne burodinsu ya kai tsawon taɓarya?" Na ba da labarin nan har yawuna ya ƙafe, kuma duk wanda na ba shi sai ya je ya ƙara masa gishiri. Jiya har na ji wai Inna ta mari ɗan sanda a filin jirgi. Inna ba ta mari kowa ba. To ga shi na rubuta, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda in ci gaba da duba jarrabawa.

Sai na fara da abin da ya kai mu, don in ba haka ba za ku ɗauka yawon buɗe ido muka je. Yaya Hindatu ce 'yar fari a ɗakinmu, ni ce auta. Inna kuwa mutuniyar Bunguɗu ce ta ainihi, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da aka haifi Yaya, Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ba ta zama tabarma ɗaya da ita, ba ta kallon ta ido cikin ido. Kakarmu ce ta yaye ta ta riƙe ta. In dole ta kama a ambace ta, sai Inna ta ce "waccan," da aka yi mata aure aka kai ta Nijar kuma ta samu ƙarin girma, ta koma "ta Yamai."

Mijinta Hamani Bazabarme ne, ma'aikacin ruwa, sun haɗu suna karatu a Sakkwato. Shekara goma sha shida ba haihuwa. Sai da aka rufe iyaka, korona ta zo ta ɗora nata kwaɗon, jirage suka daina tashi, sannan Allah ya kawo cikin. Cikin na wata bakwai Baba ya rasu, ba ta samu zuwa ba. Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi mata aiki. Aka samu namiji, aka mayar da sunan Baba. Kun ga ke nan an haɗa wa Inna sunaye biyu da ba za su fita daga bakinta ba a gida ɗaya, na 'yar fari da na miji.

Duk wannan lokacin, in Yaya ta bugo waya na miƙa wa Inna, sai ta ce, "Ku ce ina gaishe su," ta tashi ta nufi garken awaki kamar an ce mata an bar ƙofa a buɗe. Da farko Yaya dariya take yi, don ta saba. Bayan aikin da aka yi mata sai dariyar ta ƙare. Wata rana ta ce mini, "Luba, na ga mutuwa da idona, uwata ba ta ce mini sannu ba. In ta zo ta koma kamar yadda ta saba, wallahi ni da Bunguɗu sai a labari. Yaron nan ya tashi ɗan Nijar kawai." Na san Yaya, ba ta rantsuwa a banza. Abin da na ɗauka na tafi da shi ke nan, kuma ya fi duk kayan da za ku ji nauyi.

Da aka sassauta doka, hanyar mota ta buɗe, amma gwiwar Inna ba za ta ɗauki Sakkwato da Illela da Ƙonni da Doso ba. Jirgi kuma a lokacin sai ka gangara Legas, a sauke ka a wata ƙasa ta bakin teku, ka kwana, sannan a hauro da kai Yamai. Maƙwabcinka na bayan katanga, amma sai ka zaga unguwa uku kafin ka ce masa ina kwana. Ana nan sai muka ji a rediyo an dawo da jirgin da ke tashi daga Kano ya dire Yamai kai tsaye. Sati bai zagayo ba Hamani ya aiko da tikiti biyu.

Na je Bunguɗu na gaya wa Inna. Tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ni mi zan je yi Yamai?" in ji ta. "Ban bar komi can ba."

Ta tsince ƙwara biyar ko shida.

"Sai dai ba a barin ɗiya mace ta yi tahiya ita kaɗai. In ke za ki, dole in yi miki rakiya."

Shekaruna talatin da takwas, 'ya'yana huɗu, ina zuwa Kaduna taron bita ni kaɗai tun kafin gwiwarta ta fara ciwo. Na ce, "Na gode, Inna, da ma tsoro nake ji."

Kafin kwana uku duk Bunguɗu ta ji. Kun san halinmu, matafiyi motar kowa ne. Wanda ke da ɗan'uwa a Maraɗi ya kawo saƙo, wanda ke da suruki a Damagaram ya kawo, wata tsohuwa daga Rawayya ta taho kan babur da ƙullin daddawa a kai wa jikanta da ke Agadas, wai ai duk Nijar ce, in na sauka in tambaya. Na yi bayani har na gaji cewa jirgi ba motar kasuwa ba ce, awo ake yi. Kowa sai ya ce nasa ai ba nauyi.

A cikin tulin nan na ga wani buhu da ban ga mai kawo shi ba. Na kwance. Gero surfaffe, kanwa ungurnu, yajin jego a gwangwani, sabulun salo, man shanu cikin gora, da zannuwan goyo biyu masu kauri. Kayan mai jego dai sak, na yaron da yanzu yake gudu da ƙafarsa.

"Inna, wannan na wane ne?"

"Saƙon Gwaggo Tabawa ne."

Gwaggo Tabawa ta shekara uku ba ta gane kowa, ko sunan kanta sai an tuna mata. Na ɗaure buhun na ce Allah ya saka wa Gwaggo da alheri.

Muka kwana Gusau, da hantsi muka shiga mota a tasha. Ku lura da wannan, don shi ne ilimin da na samo a tafiyar: Yamai tana yamma da mu, mu kuma muka juya mata baya muka miƙi gabas yini guda, don a ɗauko mu a dawo da mu ta saman gidanmu. Direbanmu wani siririn mutum ne mai surutu, da ya ji inda za mu sai ya ce, "Hajiya, da kun ba ni kuɗin jirgin nan, da na kai ku har ƙofar ɗaki, mu tsaya Ƙonni ku ci tsire." Inna ta ce masa ita ba Hajiya ba ce tukuna, kuma ya dubi hanya.

A Tsafe muka tsaya jiran motoci su taru a wuce tare, kamar yadda aka saba yanzu. Ba wanda ya faɗi dalili, kowa ya sani. Masu talla suka yanyame tagogi. Ni ina ta addu'a a zuci, Inna kuwa ciniki take yi. Ta sayi gyaɗa, ta sayi ƙuli-ƙuli, ta sayi wata 'yar hula ta saƙa mai ja da kore wadda ba za ta shiga kan kowa ba sai ɗan shekara biyu.

"Wannan ma ta Gwaggo Tabawa ce?"

"Luba, bakinki ya yi yawa."

Bayan 'Yankara taya ta fashe. Muka fito muka tsaya a bakin hanya kowa na waige-waige, direba na ƙarƙashin mota yana rantsuwa cewa sabuwa ce. Wani dattijo da ke cikinmu ya ce lallai sabuwa ce, shi ma ya san ta tun tana sabuwar, zamanin yana saurayi. Aka yi dariya irin ta mutanen da ke son a ji suna dariya. Da muka shiga Funtuwa kowa ya sauke ajiyar zuciya, har aka fara rabon gyaɗar Inna.

A Kano dole mu yi kwana biyu, saboda ba a hawa jirgin sai da takardar gwajin korona. Madam Rahila ta ɗakin malamanmu, Allah ya saka mata, ita ta haɗa mu da yayarta Anti Saratu, ma'aikaciyar jinya da ke zaune kusa da filin jirgi. Inna ba ta taɓa kwana gidan Kirista ba, ta shiga a ɗarare. Muna shiga muka tarar an share mana ɗaki, an shimfiɗa sabuwar tabarma, an aje buta, mai gidan da kansa ya nuna mana gabas. Da aka kawo tuwon acca da miyar karkashi, Inna ta ci ta side hannu, ta ce ashe su ma sun iya.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Anti Saratu na da babbar 'ya, Murna, matar aure ce da ta zo wuni. Uwar ta dinga ƙwala mata kira tun daga madafa, "Murna! Murna, zo ki ɗanɗana mini gishirin nan!" Can kuma sai ga Murna ta kwanta ta ɗora kai a cinyar uwar, ana tsefe mata kitso ana hira.

Inna ta matso ta yi ƙasa da murya. "Wagga ta biyu ce ko ta uku?"

"Ta fari ce, Inna."

"Ta hwari? Innalillahi." Ta kau da kai. Amma na lura ta sake waiwayowa, kuma ta daɗe tana kallon su.

Gwajin kuwa, Anti Saratu ce ta kai mu. Wani saurayi cikin farar riga har ƙasa da takunkumi biyu ya ɗauko tsinke mai auduga a kai, ya ce Inna ta ɗaga haɓa. Ya zura mata a hanci, ya ƙara zurawa. Inna ta riƙe hannunsa ta ce, "Yaro, in ƙwaƙwalwa kake biɗa ka iso." Ta yi atishawa bakwai a jere, na ƙirga. Kashegari takarda ta fito ba mu da komai. Inna ta ce ai da an tambaye ta da ta gaya musu kyauta.

A filin jirgi aka ɗora kayanmu a sikeli. Matar da ke wurin ta dubi lambar, ta dube mu, ta sake duban lambar. Ta ce ko mu huɗu ne kayan sun yi yawa. Muka ja gefe muka baje a ƙasa, mutane na wucewa da 'yan akwatunansu masu taya suna tsallake daddawar Rawayya. Nan na ga abin mamaki. Inna da ke cewa saƙo amana ce, ita ta dinga zare amanar mutane ɗaya bayan ɗaya tana miƙa wa Anti Saratu ta aje mana. Na Maraɗi ya fita, na Damagaram ya fita, na Agadas ya fita. Zannuwanta na sawa ma ta rage biyu. Buhun Gwaggo Tabawa ko ƙwayar gero ba a taɓa ba.

Sai kuma wurin bincike. Gorar man shanu da ta ɓoye a jakar hannu aka fara kamawa, wai ba a shiga da abu mai ruwa. Inna ta ce ai daskararre ne. Jami'in ya karkata gorar, zafin Kano ya riga ya ci amanarta. Sannan ya ɗago ƙullin kanwa ya shinshina, ya buɗe gwangwanin yaji, atishawa ta kama shi shi ma. Ya yi dariya.

"Kayan jego ke nan. Inna, wa ya haihu? 'Yarki ce?"

Inna ta dubi rufin ginin kamar ta ga wani abu a can.

"Jikanta ne aka haifa," na ce. "Ya kusa shekara biyu."

"Shekara biyu? To ai wannan kunun ya huce." Ya mayar mana da kanwar da yajin, man shanun kuwa ya tafi. Har muka hau jirgi Inna na yi wa gorar nan addu'ar da ba zan rubuta ba.

Jirgin ƙarami ne, kuma rabinsa ba kowa. Mu 'yan kaɗan ne, 'yan kasuwa da ɗalibai da wani malami mai carbi da ya fara salati tun kafin a rufe ƙofa. Kowa da takunkumi. Inna ta sa nata a haɓa, ma'aikaciyar jirgi ta zo ta ja mata shi sama, tana juya baya ya koma haɓa. Suka yi haka sau uku, yarinyar ta haƙura. Da jirgin ya zabura Inna ta damƙe hannuna har zobena ya shige nama. Da ya daidaita sai ta sake ni ta gyara mayafi, ta ce da ma haka abin yake, ba wani abu ba ne.

Aka kawo ɗan biskit da lemo. Ban gama ɓare ledar ba na leƙa taga na ce mata ƙila yanzu muna saman Bunguɗu. Ta leƙa. Ba abin da ake gani sai ƙasa ja da wani zare mai ƙyalli.

"To ki ce su sassauta in ga ko an ba awaki ruwa."

Kafin in gama dariya aka ce a ɗaura bel za a sauka. Yini guda a mota, kwana biyu a Kano, tsinke a hanci, duk don tafiyar da ba ta kai a dafa wake ba.

A Yamai layi biyu aka yi, aka raba ni da Inna. Ina daga nawa layin ina hango ta gaban wani jami'i mai ƙananan tsage a kumatu. Na ga yana magana, na ga ta sunkuyar da kai. Ya sake magana, ta ƙara sunkuyawa. Na roƙi na gabana na tsallaka.

Ashe Bahaushe ne, mutumin Tawa. Tambaya ɗaya yake yi mata, wadda ke cikin takarda.

"Wurin wa kika zo, Inna?"

"Rakiya na yi."

"To wane gida za ki sauka? Sunan mai masaukinki nake so."

"Gidan su ne."

"Su wa?"

Layi ya fara gunaguni da Faransanci. Na buɗe baki zan faɗa, ya ɗaga mini hannu, wai ita ya tambaya, kuma tsohuwar da ba ta san inda za ta ba abin bincike ce. Sai ya ƙura mata ido, ya ga yadda take murza bakin mayafi. Fuskarsa ta sake.

"Tsaya. Ɗan fari ne?"

"Mace ce," in ji Inna, a hankali.

Ya aje biro ya yi dariya har ya dafe ciki. Ya ce shi ma ɗan fari ne, shekararsa hamsin, tsohuwarsa har gobe "wancan mai kaki" take ce masa. Ya juyo gare ni na faɗi sunan, ya rubuta, ya buga hatimi. Korona ta rufe iyakar nan, gwamnatoci sun rufe ta, amma wannan ɗabi'a ta riga kowa tsallakawa ba fasfo.

Yaya na tsaye a waje da Hamani, yaron na saɓe a kafaɗarta. Ta rame, ta yi duhu. Na ruga muka rungume juna muna kuka. Hamani ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna da Hausarsa mai karkata. Yaya ta matso ta durƙusa ita ma.

"Inna, sannu da hanya."

Inna ta dubi motar da ke bayan Yaya ta ce, "Mun same ku lahiya?"

Shi ke nan. Shekara uku ba a haɗu ba, mutuwa ta ratsa, wuƙar likita ta ratsa, abin da aka samu ke nan. Yaya ta miƙe. Yaron ne ya cece mu. Inna ta karɓe shi, ya dube ta ya tsala ihu, ta ce, "Kai tafi can, angon banza, mi zan yi da miji mai kuka?" Ta zaro hular Tsafe ta kifa masa. Shi ta samu bakin yi wa magana, "Maigida" take ce masa.

Tunda kun matsa sai na faɗi na burodi: e, dogo ne, ana saƙale shi a hammata, kuma in ya kwana ana iya korar akuya da shi. Inna ta ce wannan ba abinci ba ne, makami ne. Suna cin zogale fiye da mu, kwaɗonsa suke kira kopto, ga dambu kusan kullum. Da azahar gari kan mutu, a rufe shaguna a je a kwanta, abin da in ka yi a Gusau za a ce ba ka da lafiya. Wata maƙwabciyarsu 'yar Kwatano ta shigo gaisuwa ta sumbaci Inna a kumatu dama da hagu. Ranar ce kaɗai na ga Inna ta ja takunkuminta sama da kanta.

Mahaifiyar Hamani ta zo kwana na biyu. Ita ce ta kwana asibiti da Yaya, ita ta yi mata jego. Tsohuwa ce mai fara'a, ba ta jin Hausa, Inna ba ta jin Zabarmanci, Hamani na tsakiya yana juyawa. Inna ta yi mata godiya mai tsawo, irin wadda ake yi wa wanda ya biya maka bashin da ya fi ƙarfinka. Tsohuwar ta ce ba komai, Hindatu ai 'yarta ce. Hamani ya juya wannan ma. Inna ta ce haka ne, ta sunkuyar da kai.

Tun daga safiyar farko Inna ta karɓe madafa. Ta jiƙa gero, ta sa aka kai niƙa, ta dama kunun kanwa mai kauri, ta barbaɗa yaji a farfesu. Ba ta kai da kanta. Ni take ba.

"Kai wa mutanen ɗakin can."

Na kai. Yaya ta dubi kwanon ta ce, "Jego ya wuce, Luba. Ki shanye." Na shanye. Kashegari haka, wanshekare haka. Kwana tara ina shan kunun mai jego, ni da autana ke aji uku. Duk wanda ya ce na yi ƙiba a Yamai, to ga dalili.

Ana gobe za mu taho, da hantsi, abin ya fashe. Inna na tsakar gida tana tankaɗe, Yaya ta fito ta tsaya a kanta. Ban taɓa ganin ta tsaya a kan Inna ba.

"Inna, da aka fito da ni daga ɗakin aiki na ce a kira mini ke. Hamani ya kira. Kika ce a ce kina salla."

Rariya ta tsaya.

"Na ji muryarki a bayan wayar, Inna. Ba salla kike ba. Baba ya rasu ban gan shi ba, na ce ko muryarki in ji. Ni ba kunu nake so ba."

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Haka munka tarar."

"To ku riƙe abin da kuka tarar."

Ta koma ɗaki ta rufe ƙofa. Ni kuwa haushi ya kama ni, na manta da ladabi. Na ce, "Inna, kin tsallake ƙasa guda, kin zubar da saƙon mutane, kin bari an zura miki tsinke a hanci, kalma ɗaya ce ta gagare ki? Wallahi in muka tafi a haka ba za ki sake ganin ta a Bunguɗu ba, ita ta faɗa mini."

Ta ci gaba da tankaɗe garin da ya riga ya tankaɗu. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ranar da anka yi mata aikin, ina bayan garke. Ban iya tsayuwa ba, bare magana. Ke kina ganin ban so? Bakin ne bai saba ba." Hawaye na ɗiga cikin garin. Tausayinta ya kama ni, haushinta kuma bai sake ni ba. Na ce ta shiga ta faɗa mata hakan. Ta ce rana ta yi, a ɗora tukunya.

Kashegari suka kai mu filin jirgi. A mota ba mai magana sai Maigida. A bakin ƙofar shiga, inda masu rakiya ke tsayawa, Hamani ya durƙusa, Yaya ta ce, "Allah ya kiyaye hanya," da muryar da ake yi wa baƙo sallama. Inna ta ce, "Amin. A gaida mutanen gida." Ta shafa kan yaron ta wuce. Na bi ta ina tunanin yadda zan zama gada tsakanin Bunguɗu da Yamai har ƙarshen rayuwata.

Aka duba takardunmu, muka shige, ƙofar gilashi ta rufe a bayanmu. Daga nan ba a komawa. Mun yi taku kamar goma sai na ji ba ta kusa da ni. Na waiwaya. Ta koma jikin gilashin, ta dafa shi da hannu ɗaya. Yaya na can waje ta juya za ta tafi, Hamani ya taɓa ta ta waiwayo. Inna ta ja takunkumi ƙasa, ta dube ta ido cikin ido, ta buɗe baki da ƙarfin da sai da jandarman da ke gadin ƙofar ya zabura.

"Hindatu!"

Duk ɗakin aka juyo. Ta sake faɗa, muryar na rawa.

"Hindatu, sannu. Sannu, ɗiyata."

Gilashin nan mai kauri ne. Ni da ke ciki na ji, jandarma ya ji, 'yan kasuwa da ɗalibai duk sun ji. Wadda aka yi dominta tana waje, cikin ƙarar motoci. Na ga ta tsaya kawai, yaron na jan mayafinta. Aka ce mu matsa, layi na jira. Na ja hannun Inna, tana tafiya tana haki kamar wadda ta sauke dakon itace.

Muna zama wurin jira na lalubo waya na kira Yaya.

"Yaya, ba ki ji ba, wallahi ta faɗa, sau biyu ta faɗa, kowa ya—"

"Ban ji ba," in ji ta. Kuka take yi sosai. "Amma na ga bakinta, Luba. Na san sunana. Shekara arba'in da huɗu ina jiran in ga yadda zai fito."

Sannan ta ƙara da cewa:

"Ki ce mata muna nan tafe da Babbar Salla. Ba ni ita."

Na miƙa wa Inna wayar. Ta dube ta, ta dubi hagu da dama. Ba garken awaki a filin jirgin Yamai. Ta goge hannunta a zani, ta karɓa ta kai kunne.